Masu Zuba wa Alcide Giya

Ernestine Doucette, wadda duk mutanen layinsu a New Orleans ke kira Mis Tin, ta yi aikin wanki da guga a wani otal na bakin kogi tun tana budurwa har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Doguwa ce marar jiki, mai tafiya kamar za ta je gyara wani abu da aka ɓata. Ba ta haihu ba. Mijinta Wilfred, direban motar burodi, ya rasu ya bar mata ɗan gida mai itacen ɓaure a baya. Abu biyu aka san ta da su: tukunyar jan wake ta ranar Litinin, da kabarin gidansu.

Kabarin ɗaki ne na bulo kamar sauran na tsohuwar maƙabartar, tsayinsa ya ɗan fi mutum, an rubuta Gaudet a goshinsa, sunan dangin uwarta. Kakanninta na ciki, da uwarta Celestine, da Wilfred, da ƙanenta Alcide. In an kawo sabon mamaci sai a tura ƙasusuwan na baya su gangara ramin ƙasa su haɗu da na magabata, ta yadda ba mai iya cewa wannan na wane ne. A jikin babban farin dutsen da ya rufe ƙofar, gurbin suna ɗaya ya rage, kuma kowa ya san na wace ce. Shi ya sa da Alcide ya mutu ta sa aka sassaƙa masa ɗan allon dutse daban, aka ɗaure shi da kusoshi daga ƙasa. Alcide Labat, da shekarar haihuwa da ta mutuwa, ba ƙari.

Ubansu ba ya cikin kabarin. Giya ce ta ci shi, kuma Celestine ta rantse ba za a sa shi nan ba. Ta ce ta sha warinsa a duniya, ba za ta ƙara sha a lahira ba. Tun daga ranar da aka binne shi, kwalba ba ta sake ƙetare ƙofar gidanta ba, ko ranar bikin gari da kowa ke buguwa a titi. A haka Mis Tin ta tashi, har ta kusa saba'in ba ta san ɗanɗanon giya ba.

Alcide kuwa ya biyo uba. Yaro ne mai kaifin kai, mai bakin da zai sa ka dariya a gidan makoki. Yana da shekara talatin ya rubuta littafi, Ruwa Ya Kai Baranda, labarin wani mashayi da unguwarsu. Ba wanda ya saya sai 'yan'uwa, su ma ba su karanta ba. Bayan rasuwar uwarsu ya koma gidan yayarsa da zama. Rediyo ta ɓace, agogon Wilfred ya ɓace, teburin gugarta ya ɓace. Ran nan ta kira kafinta ya canja makullin ƙofa, ta ɗaure masa kayansa ta ajiye a baranda. Sharaɗi ɗaya ta ba shi: ranar Litinin ya zo ya ci wake, amma ya zo da baki mai tsabta, ba warin giya. Ya riƙe wannan sharaɗin har ya mutu. Duk abin da ya yi a sauran kwanakin mako, ranar Litinin sai ga shi ya yi aski, hannu na rawa, ya zauna ya ci kwano biyu yana tsokanarta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka take cewa in maƙwabta sun yi mata magana.

Ya shekara goma sha biyu a kwance a kabari kafin fitinar ta taso. Wani kamfani ya sake buga littafin, 'yan jami'a suka kama karantawa, sai ga Alcide ya zama wani abu. Mis Tin ba ta sani ba sai da ta je share kabari da bazara, ta tarar da ƙwayoyin sukari a jere a kan dandamalin kabarin, wasu sun narke sun yi danƙo. Kiyashi sun ja layi daga ƙasa har cikin tsagar dutsen ƙofa. A jikin farar ƙasar da ta shafa da hannunta, wani koren ruwa ya gangaro ya bar zane, ya ratsa ta kan sunan Celestine. Ta kai hanci. Wari ne mai kama da alewar tari, amma a ƙarƙashinsa akwai wanda ta sani tun tana yarinya.

Ta wanke. Da ta dawo bayan mako biyu, sun fi na da. Ta yi shekara arba'in tana fitar da tabo daga tufafin baƙi, ta san na jini da na miya da na jan baki, amma bulo yana shan abu ya riƙe. Ta je ofishin maƙabarta, aka ce mata ƙofa a buɗe take da rana, ba su da ikon laluben aljihun mutane. Mai gadi ne ya gaya mata daga ina masu wannan aikin suke zuwa: an buɗe wata mashaya a can wajen kasuwar Faransawa, sunanta Teburin Alcide.

Ƙawarta Odessa Pichon, wadda suka yi guga tare, ita ta ce za ta raka ta. Odessa gajera ce mai ƙiba, ta binne maza biyu, kuma ba ta taɓa ganin kofi cike ta tausaya masa ba.

"Ki sa rigar coci," in ji Odessa. "In za a yi faɗa da masu kuɗi, gara a je da kwalliya."

"Ba faɗa zan je ba. Magana zan yi."

"Tin, ke maganarki ai ta fi faɗan wasu ciwo."

Suka isa da la'asar, rana na nan da sauranta. Wurin a share yake, da sanyi, an jera littattafai har rufi. Hoton Alcide na bango, ƙato, yana dariya da sigari a hannu, sanye da rigar da Mis Tin ta gane ta Wilfred ce. A tsakiyar ɗakin an kewaye wani tebur da jar igiya, an ɗora masa tsohuwar tafireta. Odessa ta tsaya ta kama ƙugu.

"Tin, wancan ba teburinki ba ne?"

Shi ne. Ga ƙafar da Wilfred ya yi wa ƙari da guntun katako, ga baƙin tabo a kusurwa.

Mai wurin ya fito daga bayan kanta yana goge hannu. Sunansa Garrett, saurayi dogo mai jan gemu, daga can arewa inda ƙanƙara ke binne mota. Da ta faɗi sunanta da na gidansu, sai ya dafe ƙirji, idonsa ya kawo ruwa.

"Ke ce yayar? Mis Ernestine, kina raye?"

"Da alama."

"Ki yi haƙuri, ba haka nake nufi ba. Littafin ƙanenki ne ya kawo ni garin nan. Na karanta shi lokacin da nake ganin rayuwata ta ƙare. Wancan teburin, a kansa ya rubuta shi. Kin ga ƙunar can? An ce daren da ya gama ne ya manta sigari a kai."

"Dutsen gugata ne. Alcide ne ya ja ni da surutu na bar shi a kife."

Ta zaci zai ji kunya. Sai fuskarsa ta washe kamar an ba shi kyauta.

"Kai, wannan ai ya fi daɗi. Kin yarda in rubuta in manna a bango?"

Mis Tin ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta lura tun daga nan cewa duk abin da ta jefe shi da shi, cafewa zai yi ya rataye a bango.

"Ɗan nan, ba tebur ya kawo ni ba. Mutanenka suna zuba giya a kabarin uwata."

Garrett ya ce shi bai taɓa aiken kowa ba. Ya ɗauko littafin, ya buɗe shafin ƙarshe ya nuna mata. A nan mashayin labarin yake cewa in ya mutu kada a kawo masa fure, a zuba masa koriyar giya a kai, a bar masa ƙwayar sukari don hanya. Masu karatu ne, in ji shi, suka ɗauki abin da kansu. In sun tambaye shi hanya yakan kwatanta, shi ke nan.

"Wasiyyarsa ce, Mis Ernestine. Girmama shi suke yi."

"A buge ya rubuta. Kuma ko da idonsa biyu ya rubuta, gidan ba nasa ba ne shi kaɗai. Matar da ke kwance a ciki ta hana mijinta shiga saboda kwalba. Yanzu kun mai da ta abin yi wa wanka da ita. Ni ma can za ni. In kwanta kiyashi na bi na, yaran da ban san iyayensu ba suna yi mini ɓarin giya a ka?"

Garrett ya rufe littafin. Ya ce daga yau ba zai sake kwatanta wa kowa ba, amma ba zai yi mata ƙarya ba, magana ta riga ta fita, mutane daga wasu garuruwa suke zuwa suna bin layi-layi suna neman sunan. Sannan ya roƙe ta, tunda ta zo, ta bari ya nuna mata abin da suke yi, ko da kallo ne.

"Kallo ba ya kashe ƙishi," in ji Odessa, ta riga ta hau kujera.

Mis Tin ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta dubi hoton bango. Rediyo, agogo, tebur, ɗakin kwana mai tsabta, duk ya ba da su saboda abin da ke cikin kwalba, ita kuwa ba ta taɓa sanin me ya gani a ciki ba. Zuciya ta ɗebe ta. Ta ajiye jakarta a kan kanta.

"Zuba. In ga abin da ya fi mu."

Giyar sunanta absint, da tazargade ake yin ta, koriya shar. Garrett ya zuba kaɗan a gindin kofi, ya gitta wani cokali mai huda-huda a baki, ya ɗora ƙwayar sukari. Ya jawo wani tulun gilas mai ƙananan famfuna, cike da ruwan ƙanƙara, ya murɗa ɗaya ruwa ya riƙa ɗiga a kan sukarin. Sukarin ya rushe a hankali, koren ya fara gajimare daga ƙasa, har ya koma fari-fari kamar ruwan sabulu na biyu. Ya ce wannan sunanta Safiyar Alcide.

"Alcide bai taɓa ganin safiya ba," in ji Mis Tin. "Kuma shi komai ya samu yake sha, har wadda ake sayarwa a jarka. Koriyar ya sa a littafi don ta fi kyau a takarda."

Ta kurɓa. Ta yi tsammanin wuta da ɗaci, irin abin da zai sa ta tofar ta ce kun gani. Sai ta ji sanyi da zaƙi da ƙamshin ganye, abin ya bi maƙogwaro lafiya lau ya sauka ya ɗumama mata ƙirji. Ta ƙara kurɓa don ta tabbatar. Daɗi gare shi. A duk abin da ya faru ranar, wannan ya fi ƙona mata rai.

"Ya kika ji?" in ji Odessa.

"Munafuka ce. Da fara'a take shigowa gida."

"To, ni dai ina son baƙo mai fara'a. Ɗan nan, ƙaro."

Ta biyu an haɗa ta da ruwan lemun tsami da farin ƙwai, ta yi kumfa a sama, sunanta Barandar. Mis Tin ta taɓa da leɓe ta tura wa Odessa. Kunnuwanta sun fara zafi. Garrett ya tsaya yana murza gemu, yana kallon kwalaben kamar mai shawara da kansa. Odessa ta riga ta hango allon da aka rubuta sunayen da alli, ta karanta na ƙarshe da ƙarfi.

"Mai Makulli. Tin, ga ki nan an sa ki a kasuwa."

Garrett ya yi ja har wuya. Ya ce daga wani babi ne na littafin, inda yayar mashayin ta kulle masa ƙofa. Ya ce mutane na son babin ƙwarai.

"Ya rubuta littafin tun kafin in kulle," in ji Mis Tin.

"To ashe ya san ki," in ji Odessa.

"Haɗo ta," in ji Mis Tin.

Ya haɗa. Ya zagaya kofin da koriyar ya zubar, ya zuba wata jar giya mai ƙarfi, ya ɗiga wani baƙin ruwa, ya murɗe ɓawon lemo a kai ya jefar. Mis Tin na kallon kwanon sukari. Bai taɓa shi ba. Ta kurɓa, ɗacin ya kama mata harshe har dasashi.

"Ba sukari?"

"Ita wannan ba a sa mata."

"Ko ƙwaya ɗaya?"

"Haka babin yake, Mis Ernestine."

Ta ajiye kofin a hankali, yadda take ajiye dutsen guga mai zafi.

"Akwai ranar Litinin a littafin?"

Garrett ya yi tunani, ya ce bai tuna ba.

"Babu. Na sani ko ban karanta ba. Wanda ya ci wake ya ƙoshi ba ya shiga littafi, sai wanda aka kora cikin ruwan sama. Ni na wanke shi ranar da aka tsinci gawarsa. Ni na goge rigar da aka sa masa. Kai ka same shi a takarda, ba ya wari, ba ya sata, ba ya kuka a baranda. Naka mai sauƙin so ne."

"Zan cire sunan daga allo yau ɗin nan."

"Bar shi. Ka sayar. Ba abin da ya kawo ni ke nan ba, kuma abin da ya kawo ni ka ce ba ka iya masa."

Ya rako su har ƙofa yana cewa ta ɗauki teburinta in tana so. Ta ce ta sayi wani tuni. A hanya Odessa ta riƙe mata hannu, ba a san wadda ke tallafe da wata ba.

"Yaron ba mugu ba ne," in ji Odessa.

"Da mugu ne ai da sauƙi."

Garrett ya cika alkawari, ya daina kwatance, har ya manna takarda a ƙofarsa yana roƙon a bar zuba komai a kabarin. Takardar ce ma ta sanar da waɗanda ba su sani ba cewa akwai kabarin da ake zuwa. Kafin ƙarshen Oktoba, Mis Tin ta tarar da kwalba guda a jingine da dutsen ƙofa, da sukari tuli, da wani zanen jan baki a kan sunan Wilfred. Kiyashin sun yi gida a ƙarƙashin dandamali.

Ta zauna a gefen kabarin maƙwabta ta daɗe tana duban ɗan allon dutsen. Maƙabartar kamar gari ce, layuka sun sarƙe, ɗakunan duk farare, masu suna Gaudet ma sun fi a ƙirga. Baƙo ba shi da abin kamawa sai suna. Ƙasusuwan Alcide suna can ciki ɗaki ɗaya da na uwarsa, ba mai raba su. Sunan ne kawai ke ciruwa.

Ana gobe Ranar Tsarkaka, ranar da kowane gida ke zuwa gyaran kabarinsa, ta zo da akwatin kayan aikin Wilfred. Kusoshin sun yi tsatsa, sai da ta ɗiga musu mai ta jira. Ba ta nemi taimakon kowa ba. Da allon ya fita, ta toshe ramukan da siminti, ta kankare bangon da buroshi, ta shafa farar ƙasa sau biyu har koren ya ɓace. Ta naɗe allon a tawul ta sa a jakar cefane.

Washegari maƙabarta ta cika. Mutane sun zo da furanni rawaya, da kujerun naɗewa, da kulolin abinci, ana gaisawa daga layi zuwa layi, ana tambayar wa ya rasu bana. Kabarin Gaudet ya fi na kowa haske. Mis Tin na jera furanni, Odessa na zaune tana cin burodi da soyayyen kifi, sai ga wata budurwa da saurayi, ita rungume da littafi, shi kuma aljihun rigarsa ya yi nauyi gefe ɗaya. Sun yi gumi, da gani sun sha yawo.

"Sannu, Mama," in ji yarinyar cikin ladabi. "Don Allah ko kin san inda kabarin Alcide Labat yake? An ce a wajen nan ne."

Odessa ta daina tauna. Mis Tin ta gyara wani fure da ya karkace.

"Babu mai wannan suna a gidan nan, 'yar nan."

Suka yi godiya suka wuce, suna karanta duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Mis Tin ta bi su da ido har suka sha kwana. Sannan ta juyo wajen Odessa.

"Sau biyu ke nan," in ji ta. "Sau biyu ana sa ni in fitar da yaron nan daga gida. Na farko shi ya ja. Wannan fa, masoyansa ne."

"Zo ki ci kifi, tsohuwa."

"Ba na ci."

Har yanzu masu neman kabarin suna zuwa jefi-jefi, su gaji su tafi, wasu su zuba a duk inda zuciyarsu ta ba su. Mashayar na nan tana ciniki, Mai Makulli na nan a kan allo, an ce ma tana cikin waɗanda aka fi saye. Mis Tin ba ta sake bin wannan titin ba, kuma in aka ambaci littafin a gabanta sai ta tashi ta shiga ciki. Allon dutsen yana kicin ɗinta, jingine da bango a kan kantar da ke kusa da murhu, tsakanin gwangwanin gishiri da na shinkafa. Ranar Litinin tururin wake yakan jiƙa shi, sai ta sa gefen zanen girkinta ta goge, tana mita, tana gaya masa irin aikin da ya ja mata.